Tafiyar kwanaki a kan dusar ƙanƙara: hukuma ta sa hannu, ko a bar kowa da ransa?

Tsakanin garin Chamonix na Faransa da Zermatt na Suwizalan akwai wata hanya da ake kira Haute Route. Ba ta da kwalta, ba ta da shinge, kuma iskar dare ɗaya ta isa ta shafe sawun duk wanda ya wuce jiya. Daga watan Maris zuwa farkon Mayu, mutane daga ƙasashe da dama sukan ɗaura dogayen allunan zamiya a ƙafa, su goya jaka, su yi kwana shida ko bakwai suna hawa da gangara a wurare masu tsayin sama da mita 3,000. Da la'asar sai su ya da zango a masaukan dutse da ƙungiyoyin mahaya tsauni suka gina, su ci tuwon dare tare da baƙi a dogon teburi, su kwana jere a kan gadajen katako, su tashi tun duhun asuba.

Wannan ya sha bamban da wasan zamiyar da ake nunawa a talabijin. A wuraren shaƙatawa kujerar lantarki ce ke kai mutum sama, ma'aikata sun lallatse hanya, sun tarwatsa dusar da ke barazana da nakiya kafin a buɗe ƙofa. A nan kuwa mutum da ƙafarsa yake hawa. Yakan manna wani ƙyalle mai gashi a ƙarƙashin allon, gashin ya bar shi ya sulale gaba, ya hana shi zamewa baya. In an kai ƙoli sai a ɓare ƙyallen, a kulle dunduniyar takalmi, a gangara a kan dusar da ba wanda ya taka. Babu ma'aikacin da ya duba gangaren kafin ka, babu wanda zai ce maka tsaya.

Ranar Lahadi 29 ga Afrilu 2018, mutum 14 cikin ayari biyu suka tashi daga masaukin Dix, za su ƙetare tsaunin Pigne d'Arolla su sauka a masaukin Vignettes. Guguwa ta riske su a sama, iska ta haɗe dusa da gajimare har ido ya kasa raba sama da ƙasa. Dare ya yi musu a tsayin mita 3,270, suka kwana a fili, alhali tsakaninsu da ɗumin masaukin Vignettes bai wuce 'yan ɗaruruwan mitoci ba. Bakwai suka rasu, har da jagoran da aka biya da matarsa. Bayan shekara shida, ranar 9 ga Maris 2024, wasu mutum shida, biyar daga cikinsu 'yan gida ɗaya ne a jihar Valais, suka bar Zermatt za su Arolla. Guguwa ta tsare su kusa da Tête Blanche, a tsayin kusan mita 3,500. Sun samu sun kira neman agaji ta waya, amma jirgi mai saukar ungulu bai iya tashi ba, masu ceton da suka bi ta ƙasa kuma dole suka juyo. Washegari da dare aka samu gawa biyar. Ta shida sai a watan Agusta, da dusar ta narke.

Duk lokacin da irin wannan ta auku, jaridun Turai sukan rabu biyu. Wasu su ce lokaci ya yi da hukuma za ta sa hannu, ta hana fita a ranakun haɗari, ta wajabta izini da kayan kariya da jagora, ta ɗora wa mai ganganci kuɗin cetonsa. Wasu su ce baligi mai hankali shi ya fi kowa iko da ransa, kuma doka ba za ta hana guguwa ba.

Masu neman a sa doka

Hujjarsu ta farko ita ce mafi nauyi: mai fita tsauni ba shi kaɗai yake jefa kansa cikin haɗari ba. Da zarar ya latsa lambar agaji, wasu mutane za su bar iyalansu su bi shi cikin yanayin da ya fi ƙarfinsa. A daren 26 ga Disamba 2009, a kwarin Val Lasties na Italiya, masu aikin ceto huɗu suka mutu da dusa ta zaftaro musu suna neman wasu 'yan yawon buɗe ido biyu da suka ɓace. Mako guda bayan haka, ranar 3 ga Janairu 2010, a kwarin Diemtigtal na Suwizalan, dusa ta zaftare a kan wani ayari. Ana cikin tono sai zaftarewa ta biyu ta sauko a kan masu taimako. Mutum bakwai suka rasu, cikinsu har da likitan hukumar ceto ta Rega da ya sauko daga jirgi don ya duba wanda aka tono. Masu wannan ra'ayi suna tambaya: wannan likita, shi ma zaɓin kansa ne ya kai shi? A ƙauyukan tsauni da yawa masu ceton 'yan sa kai ne, kafinta ne ko malamin makaranta ko manomi. In ana maganar 'yancin mai yawo, a tuna da marayun waɗannan.

Hujja ta biyu kuɗi ce. A Faransa, ceton da jandarmomin tsauni ke yi a wajen wuraren shaƙatawa kyauta ne, wato daga aljihun mai biyan haraji yake fita, har da wanda bai taɓa ganin Mont Blanc ba sai a hoto. Wannan ne ya sa magajin garin Saint-Gervais, Jean-Marc Peillex, ya ba da shawara a 2022 cewa masu hawan Mont Blanc ta garinsa a mummunan yanayi su ajiye Yuro 15,000, dubu goma na ceto, dubu biyar na jana'iza. Ba a aiwatar ba, amma maganar ta samu masu tafi, domin ta faɗi abin da ke cin mutane da yawa a rai.

Sannan suna cewa haɗarin ba tsautsayi ba ne irin wanda ba ya wuce ranarsa. Alƙaluman cibiyar binciken dusa ta SLF da ke Davos sun nuna cewa kusan tara cikin goma na waɗanda zaftarewar dusa ke ritsawa da su, su ne ko wani ɗan ayarinsu ya tayar da ita da nauyin jikinsa. An san gangaren da ke zaftarewa, galibi mai karkata tsakanin digiri 30 zuwa 45. An san ranakun da suka fi muni, bayan sabuwar dusa da iska mai ƙarfi. Abin da aka san wurinsa da lokacinsa, in ji su, hukuma na da hurumin hana shi, kamar yadda take rufe titi in gada ta tsage.

Masu cewa a bar kowa

Su kuma waɗannan sukan fara da lissafi. A tsaunukan Alps baki ɗaya, zaftarewar dusa na kashe kimanin mutum 100 a shekara, a Suwizalan kaɗai ashirin da 'yan kai. Tun daga shekarun 1980 adadin masu fita ya ƙaru ƙwarai, amma adadin masu mutuwa bai bi shi ba. Ma'ana, haɗarin da ke kan kowane mutum ɗaya ya ragu. Kuma ba haramci ne ya rage shi ba, domin ba a haramta ba. Ilimi ne da sanarwa. Tun 1945 cibiyar Davos ke fitar da sanarwar haɗarin dusa, yanzu sau biyu a rana duk hunturu, da ƙarfe takwas na safe da biyar na yamma. A 1993 ƙasashen Turai suka amince da ma'auni ɗaya mai matakai biyar. A shekarun 1990 wani jagoran tsauni ɗan Suwizalan, Werner Munter, ya fito da hanyar lissafi mai sauƙi da ke haɗa matakin haɗarin ranar da karkatar gangare da fuskar da yake kallo da girman ayari, har ɗan koyo ya iya gane inda bai kamata ya taka ba. Hanyar da ta yi aiki ke nan, in ji su, don me za a bar ta a koma ga kulki?

Sun kuma ce batun rufe tsauni a ranakun haɗari, daɗin faɗa ne da shi kawai. Mataki na huɗu da na biyar, waɗanda kowa zai yarda a rufe, 'yan kwanaki ne a shekara, kuma mutane da kansu sukan zauna a gida, shi ya sa kusan ɗaya cikin goma kaɗai na masu mutuwa ke mutuwa a irin waɗannan ranaku. Rabin mamatan a mataki na uku suke mutuwa, kusan kashi talatin cikin ɗari a mataki na biyu. Mataki na biyu da na uku kuwa su ne suka cinye kusan kashi tamanin cikin ɗari na ranakun hunturu. To, dokar da za ta ceci rai da gaske sai ta rufe tsauni kusan duk kakar. Wa kuma zai tsare ƙofar da babu ita? Ana iya shiga tsaunukan nan ta bayan kowane ƙauye.

Akwai kuma abin da ba ya shiga lissafi, kuma ina ganin bai kamata a raina shi ba. Dokar farar hula ta Suwizalan, a sashe na 699, ta ba kowa damar shiga daji da makiyaya ko da mallakar wani ne. A Norwe dokar 1957 ta tabbatar da tsohuwar al'adar nan cewa kowa na iya yawo da kafa tanti a ƙasar da ba a noma ba. Mutanen waɗannan ƙasashe sun taso da ganin cewa tsauni shi ne wuri ɗaya da ya rage inda ba wanda ke tambayar ka tikiti. Ma'aikacin da ya shekara a gaban kwamfuta yana ganin kwana biyar ɗin nan, inda shi zai karanta sama ya yanke wa kansa shawara, su ne ke riƙe da hankalinsa. Masu wannan ra'ayi suna tsoron wani abu kuma: ranar da hukuma ta fara cewa yau an rufe, duk ranar da ba ta ce ba mutane za su ɗauka ta ba da tabbacin lafiya, sai su daina duba da idonsu.

Martanin masu doka

Ba mu ce a kulle tsauni ba, in ji su, kun ɗauki mafi tsananin maganarmu kuna yaƙa. Tsakanin rufewa da sakin linzami akwai fili mai faɗi, kuma wasu ƙasashe sun riga sun shiga. A Italiya, tun Janairu 2022 doka ta wajabta wa duk mai fita inda ake fargabar zaftarewa ya ɗauki abu uku: na'urar sigina da ake ɗaurawa a ƙirji, da doguwar sandar caka mai naɗewa, da shebur. A Rogers Pass na Kanada, inda sojoji ke harba igwa don saukar da dusa kafin ta rufe babban titi, mai son shiga wasu yankuna sai da izinin hunturu, kuma kullum ana sanar da wuraren da aka buɗe da waɗanda aka rufe. Mutane na bi, wasan kuma bai mutu ba.

Dalilin kayan nan uku ya fi fitowa in aka dubi abin da ke faruwa bayan dusa ta tsaya. Tana tsayawa take ƙanƙamewa, wanda ke ciki ba ya iya motsa ko yatsa, numfashinsa kuma yana narkar da dusar da ke gaban fuskarsa ta sake daskarewa ta toshe iska. Binciken da Markus Falk da Hermann Brugger da abokiyar aikinsu suka wallafa a 1994 ya nuna cewa wanda aka tono cikin minti 15 na farko, sama da tara cikin goma na rayuwa. In an kai minti 35, saura kusan uku cikin goma. Babu jirgin da zai iso cikin wannan ɗan lokaci sai da sa'a. Abokan tafiya ne kaɗai ke wurin. Kowa ya juya na'urarsa daga aikawa zuwa nema, a bi lambobin da ke raguwa a fuskar na'urar, a durƙusa inda suka fi ƙanƙanta, a yi ta caka sanda har ta taɓa abu mai laushi, sannan a fara tono daga ƙasan gangare, ana karɓeɓeniya saboda hannu na saurin mutuwa. Mutumin da ke ƙarƙashin mita ɗaya, sai an kwashe dusa mai nauyin da ya haura tan kafin a kai ga bakinsa. Wanda ya fita ba shebur, ba ransa kaɗai ya wasa da shi ba, ya fita ne a matsayin wanda ba zai iya tono abokinsa ba. Wannan, in ji masu doka, ya wuce batun zaɓin kai.

Game da kuɗi kuma sukan nuna Suwizalan kanta, inda wanda aka ceto ko inshorarsa ke biya, miliyoyin mutane kuma suna ba Rega gudummawar shekara domin ta yafe musu abin da inshora ba ta ɗauka ba. Inshorar haɗarin ma'aikata a can tana iya zaftare rabin kuɗin da take biyan mutum in an tabbatar ganganci ya yi. Wannan ai doka ce, ko da ba ɗan sanda a bakin hanya.

Martanin masu 'yanci

Su kuma suka ce, to a ɗauki waɗannan dokoki a gwada su a kan Pigne d'Arolla da Tête Blanche a gani. A duka biyun ba dusa ce ta zaftare ba. Iska ce da sanyi da ɓatan hanya. Na'urar sigina ba ta ɗumama jiki. Dokar jagora ma da ba ta yi komai ba a 2018, domin ayarin mutum goma, wanda duk mamatan bakwai daga cikinsa suke, yana ƙarƙashin ƙwararren jagora mai lasisi. Jarrabawar sanin tsauni kuma da wuya ta tare mutanen 2024, waɗanda 'yan yankin ne, kuma rahotanni suka ce wasunsu atisaye suke yi don tseren Patrouille des Glaciers da sojojin Suwizalan ke shiryawa.

Ko a batun zaftarewar ma, kayan ba laya ba ne. Kimanin uku cikin huɗu na mamata shaƙewa ce ke kashe su, amma sauran yawanci buguwa ce da duwatsu da itatuwa, waɗanda ko a minti ɗaya aka tono su ba abin da zai sake. Akwai kuma wanda na'ura a ƙirji ke ƙara wa ƙarfin hali ya shiga gangaren da da ba zai shiga ba. Ian McCammon ya bi diddigin haɗura sama da 700 a Amurka, ya tarar mutane masu ilimin dusa suna faɗawa tarkon da ba na jahilci ba: sabo da wuri, ƙin fasa abin da aka riga aka ƙudurta, bin wanda ake ganin gwani ba tare da tambaya ba, da rige-rigen taka sabuwar dusa kafin wasu. Waɗannan a cikin zuciya suke, sufeto ba zai same su a jaka ba.

A kan cajin kuɗin ceto, abin mamaki shi ne masu ceton kansu ne suka fi ƙin sa. Manyan ƙungiyoyin ceto na Amurka sun daɗe suna adawa da shi, dalilinsu kuwa shi ne mai tsoron takardar biya yakan jinkirta kira. Abin da da za a gama shi da rana cikin awa biyu sai ya zama nema cikin dare da guguwa, wanda shi ne ainihin abin da ke kashe masu ceto. Norwe ta bi wannan hanya. Bayan bikin Ista na 1967, lokacin da mutum 18 suka mutu a tsaunukanta, ba ta rufe ko'ina ba, ba ta kuma sa kuɗi ba. Ƙungiyar Red Cross da ƙungiyar matafiya ta DNT suka yaɗa 'yan ƙa'idoji gajeru da yara ke haddacewa, ciki har da wadda ke cewa a juya da wuri, komawa ba abin kunya ba ne. Har yau ceto kyauta ne a can, kuma da mabuɗi iri ɗaya ɗan ƙungiyar DNT ke buɗe ɗaruruwan bukkoki, ya ɗebi abinci a ma'aji, ya rubuta abin da ya ci ya biya da kansa.

Inda hujjar 'yanci ta yi rauni

Duk maganar masu 'yanci ta dogara ne a kan baligi wanda ya san abin da yake shiga. In an cire wannan, ba ta da ƙafar tsayawa. A Nuwamba 1971, a tudun Cairngorm na Sukotlan, ɗalibai biyar 'yan shekara 15 da wata mai koyon jagoranci 'yar shekara 18 suka mutu da sanyi, suna neman wata ƙaramar mafaka mai suna Curran da dusa ta hana su kaiwa. Ranar 1 ga Fabrairu 2003, ɗaliban wata makaranta ta Alberta su bakwai suka mutu a kwarin Connaught na Kanada. Ranar 27 ga Maris 2017, ɗalibai bakwai da malami ɗaya suka mutu a Nasu ta Japan, kuma a 2024 kotu ta yanke wa malamai uku ɗaurin shekara biyu. Yaron da malaminsa ya ce masa mu je bai zaɓi komai ba, iyayen da suka sa hannu a takarda kuma ba su san me karkatar digiri 35 ke nufi ba.

Kanada ta amsa da doka. Hukumar gandun dajinta ta kasa hanyoyi gida uku gwargwadon haɗarinsu, ta wajabta ƙwararren jagora ga ayarin yaran da ba iyayensu ke tare da su ba in za su shiga mataki na tsakiya, ta haramta musu mafi tsanani gaba ɗaya. A nan ina tare da masu doka ba tare da wata-wata ba, kuma yawancin masu 'yancin ma sukan yi shiru in an zo nan. Ina tare da su kuma a kan shebur da na'ura, saboda hujjar cewa kayan nan na abokin tafiya ne ta fi ƙarfin hujjar cewa suna ƙara ƙarfin hali. A kan rufe tsauni da cajin kuɗi kuwa, lissafin matakan haɗari da shaidar masu ceto sun rinjaye ni zuwa ɗaya ɓangaren, ko da yake ina ganin tsarin Suwizalan na gudummawar shekara ya rage kaifin matsalar, tunda wanda ya riga ya biya ba ya tsoron kira.

Sai dai akwai abin da duka ɓangarorin ke wucewa da sauri, wanda ya keɓanta da tafiyar kwanaki. Mai fita na yini ɗaya in ya ga sama ta ɓaci sai ya koma motarsa. Mai bin Haute Route ya kama wuri a masaukai tun watanni, ya ɗauki hutu, ya biya jirgi da jagora, kuma kowane zango a ɗaure yake da na gabansa, in ya fasa ɗaya duk jerin ya warware. Da safe a masauki, ana ɗaura takalmi a hasken fitilar goshi, ana jin iska na kaɗa ƙyauren taga, ayarin farko ya riga ya fita, kowa na kallon kowa, kuma ba mai son ya zama shi ne ya ce a zauna. Saboda an san akwai gado da miya mai zafi a gaba, jakar ma an rage mata nauyi: ba risho, ba buhun fakewa, ba rigar da za ta iya dare a fili. Masaukin da aka gina don ya ceci rai ya zama dalilin fita ba shirin kwana a waje. Mutanen Sukotlan sun yi wannan gardama bayan 1971, wasu na cewa mafakar tudu na ceton rai, wasu na cewa tana jawo waɗanda ba su shirya ba, daga ƙarshe aka rushe mafakar Curran a 1975. Ba wanda zai rushe Vignettes, kuma bai kamata ba. Amma in da gyaran da zai taɓa ainihin ciwon, to yana wajen sauƙaƙa fasawa ne: kwanan rara a cikin tsarin tafiya, masaukai su riƙa sanar da juna wanda ya tashi da wanda bai iso ba, jagora ya samu ladansa cikakke ko da ya ce yau ba a fita.

Abin da ya fi wuyar yankewa shi ne matsayin baligin da ya biya jagora. Fataken da suka riƙa ƙetare Tenere zuwa Bilma sun san wannan: da zarar ayari ya shiga rairayi, maganar madugu ita ce magana, kuma wanda ya bi shi ya miƙa masa abin da ba zai iya karɓa ba sai an fita. Suwizalan ta wajabta lasisi ga masu jagorancin kuɗi tun 2014, amma lasisi na tabbatar da ilimin mutum ne, ba ya tabbatar da shawarar da zai yanke da ƙarfe shida na wata safiya. Masu doka suna cewa abokin ciniki ya fi kusa da ɗalibin Nasu fiye da ɗan tsaunin da ya fita don kansa, saboda haka a ƙayyade yawan mutanen da jagora ɗaya zai ja, a wajabta masa kayan kwana a fili da na'urar gano hanya ta biyu, a hana shi tashi in an yi gargaɗin guguwa. Jagorori suna amsawa da cewa ranar da aka ɗaure hannunsu da jadawali, za su riƙa yanke shawara don kare kansu a kotu maimakon don abin da idonsu ke gani a kan dusa, kuma kuɗin tafiya zai hau har masu ƙaramin ƙarfi su koma fita su kaɗai ba jagora. Na karkata ga wajabta kayan da ƙayyade yawan mutane, domin su ana iya ƙirga su tun a bakin ƙofa. Batun hana tashi saboda hasashen yanayi kuwa, hasashe na yanki ne guda, jagora kuma a kan gangare guda yake tsaye, wani lokaci shi ke da gaskiya wani lokaci takardar.